Amsa ga mai neman takardun gonar kakansa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce gonar kakanku ce a wajen Kano, wani ya fito yana cewa tasa ce, kuna neman tsohuwar takarda. Na daɗe ina raka mutane irin wannan nema, kuma shawarata kada ka fara da ma'aikatar ƙasa. KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye a jihar Kano, na da fayil ne na filin da gwamnati ta yanka ko aka yi wa C of O, wato takardar shaidar mallakar fili. Gonar ƙauye da ake gada tun kafin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da wuya ka same ta a can.

Fara da kotun da ta raba gadon kakanku. Ka je wurin rijistara da sunan mamaci, da sunan alƙalin lokacin in dattawa sun tuna, da kimanin shekara, ka nemi kwafin shari'a. Tsofaffin littattafan alƙalai da Larabci ko ajami suke, sai ka tafi da malamin da ya iya karanta rubutun hannu na da. Abin da za ka duba shi ne iyaka: wa ke gabas, wa ke yamma, kudu da arewa. Jikokin waɗannan maƙwabtan su ne shaidunka. Daga nan sai gidan dagaci da na hakimi, a bincika takardun ciniki da rasit na haraji. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ya fi amfanar mai rikicin iyakar gari da gari, ba kasafai ake samun sunan manomi ɗaya a ciki ba.

Sai dai ka binciki yadda gonar ta shiga hannun mutumin, nan ne shari'ar take. A mazhabar Malikiyya akwai hauzi: in wanda ba dangi ba ne ya shekara 10 yana noma gonar, kuna gani kun yi shiru ba uzuri, da'awarku na iya faɗuwa. Amma in aro ne ko jingina, daɗewa ba ta mai da ita tasa. Saboda haka ƴar takardar jingina da kakanku ya dangwala wa hannu ta fi kowace taswira daraja.

In da sauran dattijon da aka yi abin a gabansa, ku kai shi wurin lauya ya yi rantsuwa a rubuce tun yanzu. Asalin takarda kuma kada ka ba kowa, hoto kawai.