Amsa ga tambayar tsallake talla

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da muryar, mura ce ta kama ni. Na ga tambayar da ƙanena ya jefo tun la'asar, wai in mutum yana kallon shiri aka sako talla ya tsallake, ya ci haƙƙin gidan talabijin ne ko bai ci ba. Na kuma ga Hajiya ta ce cin amana ne, tunda kyauta ake ba ka shirin, tallan shi ne kuɗinsa. Hajiya, Allah ya ƙara girma, a nan kam zan ɗan saɓa miki. In na ce rubutawa zan yi sai mu kwana, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Kun san na taɓa aiki a sashen talla na wani gidan talabijin. Abin da muke sayar wa ɗan kasuwa lokaci ne, daƙiƙa talatin ko minti ɗaya, muna ce masa a wannan sa'ar mutane sun fi taruwa gaban akwati. Shi ya sa hannu, mu mun sa hannu. Mai kallo fa? Ba a kira shi ba, ba a tambaye shi ba. To ta ina cinikin da ba ka halarta ba zai hau kanka? Kuma mu kanmu mun sani sarai cewa da an sako talla rabin gida ke watsewa. A gidanmu, Allah ya ji ƙan Baba, labarai na tsayawa zai miƙe ya ɗau buta, Inna ta leƙa tukunya, mu yara mu hau kokawa a kan tabarma. Ba wanda ya taɓa kiranmu ɓarayi.

To amma a Amurka an kira su. A 2002 shugaban kamfanin Turner, masu CNN, wani Jamie Kellner, ya fito ya ce tsallake talla sata ce, wai akwai alƙawari tsakaninka da tashar cewa za ka kalla. Da aka tambaye shi wanda ya tashi ya zaga bayi fa, sai ya ce to wannan ana iya ɗan ɗaga masa ƙafa. Kai jama'a! Har fitsarinka ya zama sai da alfarmar wani.

Rigimar kuwa ta girme shi. Rimot ɗin nan da muke faɗa a kansa, tun 1955 kamfanin Zenith ya fito da wani mara waya, kuma cikin abin da suke yabonsa da shi har da cewa za ka iya kashe muryar talla daga inda kake zaune. Da bidiyon kaset ya zo, kamfanonin fim na Universal da Disney suka maka Sony a kotu, suka ce mutane na naɗar shiri a gida. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, cewa ka naɗi shiri don ka kalla daga baya ba laifi ba ne. Biyar da huɗu fa, da ƙyar aka sha.

Wadda ta fi kama da tambayarka, ƙanena, ita ce ta 2012. Wani kamfanin tauraron ɗan'adam mai suna Dish ya fito da dikoda da ke naɗar shirye-shiryen dare na manyan tashoshi huɗu, washegari in ka zo kallo sai ta riƙa tsallake maka tallan da kanta, da zarar ka zaɓi hakan a farkon shirin. AutoHop suka sa masa suna. Fox da CBS da NBC suka garzaya kotu. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi dakatar da abin, kuma hujjar da ta kawo ta burge ni: ta ce Fox shirin ne nata, tallan da ke tsakiya ba nata ba ne, don haka tsallake shi bai taɓa haƙƙin mallakarta ba. To kun san yadda aka ƙare? A teburin ciniki. Dish na buƙatar tashoshin nan a kan dikodarta, sai suka matse ta wajen sabunta kwangila. Ta yarda a rufe AutoHop na kwana uku bayan an nuna shirin ABC, na CBS da Fox kuma kwana bakwai. Me ya sa kwanakin? Saboda a cikinsu ne ake ƙirga masu kallo a caji mai talla. Kun ga ashe faɗan giwaye ne a kan kuɗi, mai kallo an ambaci sunansa ne kawai.

Inda Hajiya ke da gaskiya, kuma ba zan hana ta ba, shiri ba daga sama yake faɗowa ba. Akwai mai kyamara, akwai man janareta, akwai 'yan wasa da za a sallama. A Ingila ba a sa talla a tashoshin BBC na cikin gida, amma duk gidan da ke kallon talabijin kai tsaye yana biyan lasisi duk shekara, ya haura fam 170 yanzu. Ko ta aljihu ko ta ido, wani yana biya.

Mu kuma yau galibi a waya muke kallo. Maɓallin tsallakewa da ke fitowa bayan daƙiƙa biyar a YouTube, su da kansu suka ɗora shi, ba wani ya ɓalle ƙofa ba. A irin wannan tallan, galibi mai talla ba ya biya sai an kalli daƙiƙa talatin ko an kai ƙarshe, sannan mai tashar ya samu kashi 55 cikin ɗari na abin da ya shigo. Shi ya sa ni, in fim ɗin Hausa nake kallo na yaran nan masu haɗa kuɗi da guminsu, nakan bar tallan ya wuce in je in zuba shayi. Alheri ne nake yi musu, ba bashi nake biya ba. Ran da datata ta kusa ƙarewa kuwa, wallahi dannawa nake ba ko waiwaye, don tallan ma datata yake ci, ba tasu ba.

Abin da ni ban yi ba shi ne sa manhajar nan mai toshe talla gaba ɗaya. Wannan kam kana kallon aikin mutum wata da watanni ko sisi bai gani daga wajenka ba, kuma tun 2023 YouTube ɗin ma ta tsananta farautar masu ita, sai bidiyo ya tsaya maka cak. Ƙanena, in ita ce a wayarka ka faɗa mana gaskiya, don na ga yadda ka lanƙwasa tambayar. Hajiya, a gaida Alhaji da jiki. Cajina ya yi ja, sai da safe.