Ga 'yata, a kan kwalliyar Ummanki

'Yata, saƙonki ya iso, kuma na ji daɗi da kika tambaye ni maimakon ki bar abin yana cin ki a rai. Kin ce Ummanki ta sa kwalli da ɗan jan baki, sai wata cikin dangi ta faɗa mata a gaban mutane wai mace mai jikoki, wadda mijinta ya rasu, ba ta da sauran harka da madubi. Tun ranar ta tattara kayan kwalliyarta ta miƙa miki. Kina so ki san ko da gaske akwai shekarun da mace ke kaiwa a ce ta ajiye kwalliya, in kuma babu, wace iri ce ta dace da mai shekara 58.

Babu waɗannan shekarun, 'yata. Raina ya ɓaci da maganar nan, domin ƙanwata ce, na san yadda kalma ɗaya ke zama a zuciyarta.

Masu irin wannan magana sukan jingina ta ga addini, to bari mu duba can. Lokacin da aka ce mace ta bar ado saboda mutuwar miji shi ne takaba, wata 4 da kwana 10, ko zuwa haihuwa in tana da ciki. A kan wani mamacin da ba miji ba, kwana 3 kawai aka yarje mata. Ki lura, baƙin ciki ma an yi masa iyaka, an ce daga rana kaza ki tashi ki yi wanka, ki sa turarenki, ki koma cikin rayuwa. Abbanki, Allah ya jiƙansa, ya daɗe da rasuwa, Ummanki ta yi takabarta ta gama. Wa ke da hurumin mayar mata da wata 4 su zama sauran rayuwarta? Aya ta 60 a Suratun Nur da ke magana a kan tsofaffin mata sauƙi ta kawo musu wajen sutura, da sharaɗin kada su yi nufin bayyana ado. Ke nan iyakar inda ake nuna kwalliya da wanda ake nuna wa tana nan ga babba kamar yadda take ga yarinya, amma ba a ƙara wa babba wani takunkumi ba. Idan Ummanki na son ƙarin natsuwa ta tambayi malamin da ta yarda da shi.

Amma zan gaya miki inda nake ganin maganar ta samo asali, don ba haka kawai ta faɗo ba. Mutane kan ga dattijuwa ta yi kwalliya irin ta 'yar shekara 20, hoda ta yi kauri, ta tsattsage a gefen ido da baki, fuskar ta fi nuna tsufa fiye da in ba a shafa komai ba. Sai su ce ai kwalliya ba ta tsofaffi ba ce. Abin da suka gani gaskiya ne, hukuncin da suka yanke ne ya karkace. Fuskar ce ta sauya, hannun kuwa yana nan kan abin da ya saba shekara da shekaru.

Ga abin da ke faruwa da fata. Yawancin mata al'adarsu kan ɗauke tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin istirojin na jiki ya ragu ƙwarai. Shi ne ke taimaka wa fata ta riƙe ruwa, ta kuma ƙera kolajin, wato zaren da ke sa ta cika ta yi ƙarfi. Likitocin fata sun ce mace kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin ɗinta a shekara 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada, daga nan raguwar ta lafa zuwa kamar kashi 2 cikin 100 a shekara. Maiƙon da fata ke fitarwa da kanta ma yana ja baya. Shi ya sa matar da a da fuskarta ke naso kafin azahar, yanzu take jin ta bushe tana ja. Leɓe na sirancewa, gira na yin shara-shara, fatar saman ido na saukowa kaɗan. Mu masu duhun fata tamoji kan makara kafin ya zo mana, amma tabo da baƙi-baƙi a kumatu da goshi sun fi kama mu.

In kin gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne. Hoda an yi ta ne don ta shanye maiƙo. Fuskar da ba ta da maiƙon, in aka labta mata hoda, sai ta shige cikin layukan ta zauna kamar ƙura a tsagar bango, ta fito da duk abin da ake son ɓoyewa. Don haka man shafawa ne farko, a shafa shi fatar na da ɗan danshi bayan wanka, a ba shi lokaci ya shiga. Fandeshan, wato man daidaita launin fuska, in za a sa, ya zama mai ruwa-ruwa, ɗan kaɗan, a wuraren da launin bai daidaita ba kawai. A gwada launinsa a gefen muƙamuƙi cikin hasken rana, ya saje da wuya. Kuskuren da na fi gani shi ne zaɓen wanda ya fi fatar haske, fuska ta yi toka-toka, wuya yana can daban. Hoda kuma a taɓa ta a hanci da goshi a tsaya nan.

Jan bakin da aka yi mata gori a kansa, shi ne ma abin da ya fi yi wa babbar mace amfani, domin launin leɓe na dusashewa da shekaru, ɗan ja kuwa na dawo wa fuska da rai nan take. Ba na bin masu cewa babba sai launi mai sanyi. In ja mai ƙarfi ne ke karɓar ta, ta sa abinta. Abin kula shi ne busasshen jan baki mara maiƙo yana tsattsagewa a leɓen da ya bushe, mai duhu sosai kuma yana ƙara sirantar da baki. Mai ɗan maiƙo ya fi, kuma zagaye gefen leɓe da fensir mai launi ɗaya na hana shi bin ƙananan layukan da ke saman baki.

Gira kuwa a cike gurbin da gashi ya ragu, da ƙananan zane masu bin kwanciyar gashin, da jagira mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu. A daina aske ta a zana layi guda baƙi ƙirin. Ban da hanin da ya zo a hadisi kan tsige gira, gashin da aka yi ta tsigewa shekaru yana iya ƙin dawowa. Sannan ki saya mata madubi mai ƙara girma. Daga shekara 40 zuwa sama ido kan fara kasa ganin abu na kusa, kuma mata da yawa da ake cewa hannunsu ya lalace, ganin ne ya ragu, hannun lafiyarsa lau.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda na so a ce a kansa dangi ke ɗaga murya. Matar da aka sa wa kunyar tsufanta ba kasafai take haƙura ba. Takan koma ta nemi abin da zai goge shekarun a ɓoye, a nan ne mayukan bilicin ke samun kasuwa. Abubuwa uku aka fi samu a cikinsu. Na farko zaiba, wato makuri, wadda fata ke tsotsa ta je ta illata ƙoda da jijiyoyi, har ta shafi waɗanda ake zaune da su ta tawul da zanin gado. Illarta ce ta sa ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda aka raɗa wa sunan garin Japan ɗin nan da zaiba ta gurɓata ruwansa ta nakasa mutane, kuma kayan shafa masu zaiba na cikin abubuwan da ta hana. Na biyu haidurokwinon, magani ne da likita kan rubuta na ɗan lokaci, amma in aka daɗe ana shafawa yakan juya ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar fita. Na uku sitiroyid mai ƙarfi, maganin kumburi da ƙaiƙayin fata ne, wanda in aka daɗe ana shafawa ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ciwo ya ƙi warkewa, ya kuma iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Ki tuna fatar Ummanki ta riga ta sirance da kanta. A ɗora mata wannan, garin gyaran gira a rasa ido ke nan. In tabo ne ke damun ta, likitan fata za ta gani, kuma ta riƙa shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, domin rana ce ke ƙara wa tabon duhu, baƙar fata ma ba ta tsira ba.

Kwalli ma ina da magana a kansa, duk da ina son sa. Tun zamanin Fir'aunonin Masar mata da maza ke sa shi, kuma tun lokacin akasari daga dutse mai ɗauke da dalma ake niƙa shi. Har yau gwaje-gwaje na samun dalma mai yawa a wasu nau'o'in kwallin gargajiya, shi ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shigo da shi ƙasar ba. Dalma na taruwa a ƙashi, tana kuma da hannu a hawan jini da ciwon ƙoda. Ga yara abin ya fi muni, don tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma babu wani adadi nata da aka ce ba shi da illa gare su. Kaka ce ke yawan riƙe jariri, saboda haka kada kwallin da ba a san asalinsa ba ya kusanci idon jika. Ita kanta ta nemi wanda aka rubuta abin da ke cikinsa, ko fensirin ido daga kamfanin da aka sani. Ta ja shi siriri a gindin gashin ido na sama. Zagaye ido gaba ɗaya da baƙi mai kauri na ƙanƙantar da idon da fatarsa ta sauko, sa shi a can ciki kuma na ƙara bushewar ido, wadda dama ke damun mata a wannan shekarun. Maskara in ta yi wata 3 da buɗewa a yar da ita, kuma ba a aron kayan ido, ko tsakanin uwa da 'ya.

Furfura zaɓin Ummanki ne. In ta bar ta, ado ce mai kwarjini, kuma an hana tsige ta. In ta so rinawa, ya tabbata cewa ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a sauya launin amma a nisanci baƙi. Malamai sun yi saɓani kan baƙin rini, amma lalle ba wanda ya yi jayayya a kansa. Lalle na gaskiya ja yake bayarwa zuwa ruwan ƙasa, kuma yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kama. Wanda ke yin baƙi ƙirin cikin 'yan mintuna galibi an zuba masa sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda kan sa fata ta kumbura ta yi ƙuraje masu ruwa, wani lokaci ta bar tabo. Kowane irin rini ne, a gwada ɗan kaɗan a bayan kunne a jira awa 48 kafin a sa a kai.

Ban ce dole sai ta yi kwalliya ba. Akwai matan da suka kai wani lokaci suka ji sabulu da mai da turare sun ishe su, kuma suna da kyau a haka. In da Ummanki da kanta ta ajiye, da ban ce uffan ba. Amma kin faɗa mini da bakinki tana kuka ta miƙa miki kayan, wannan kuwa tilas ce aka yi mata.

Kada ki je ki yi cacar baki da wadda ta yi maganar, babbarki ce, ni zan same ta mu yi ta tsakaninmu. Ke aikinki yana wajen Ummanki. Kada ki mayar mata da kayan kina yi mata wa'azi, za ta ji nauyi ta ƙi karɓa. Ki zauna ki tace su, ki zubar da waɗanda suka daɗe ko warinsu ya sauya, da duk wani mai da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. Ki ƙara mata man shafawa mai kyau da jan baki guda irin launin da kika san tana so. Sannan wata rana da hantsi, in gida ya yi shiru, ki ce mata ta zo ta nuna miki yadda take jan kwallinta ya fito siriri haka, domin a gaskiya ta fi mu duka iyawa. In ta gama naki sai ki ce saura nata. In ta ƙi a ranar ki ƙyale ta, ki sake gwadawa wani makon, ki kuma kira ni ki gaya mini yadda kuka yi.

Ki gaishe min da ita da kyau, da yaran duka. Allah ya yi miki albarka.