Kyanwata ta rame, idonta ya yi rawaya: me zan fara biya?

Tambaya: Kyanwata ta kai shekara 11. Ta daina cin abinci, ta rame, cikinta ya kumbura, idonta ya yi rawaya. An ce mini ciwon dajin hanta ne. Likitan dabbobi ya ce sai gwajin jini da hoton ciki, kuma kuɗina ba zai kai duka biyun ba. (Wata uwa daga Zariya)

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya. Ki kwantar da hankalinki, babu mai gane dajin hanta da ido. Rama da shawara da kumburin ciki duk suna zuwa da kumburin hanyar matsarmama, ko kitse da ke taruwa a hantar kyanwa mai ƙiba idan ta yi kwanaki ba ta ci ba, kuma ana warkewa daga waɗannan. Ki fara da jini: ya fi sauƙin kuɗi, zai nuna ko hantar ce da gaske. Hoto ya biyo baya, shi ke nuna ƙari idan akwai. Shi ma ba ya yanke hukunci, sai an tsira allura an ɗebo ɗan abin an duba. Wasu ƙarin a tsofaffin kyanwoyi ma ba daji ba ne. Kina da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello kusa da ke. Kada ki jira ƙarshen wata, rashin cin nan kaɗai na iya kashe ta.

Tambaya: Tawa tana amai, jikinta da zafi. Rabin Panadol ya ishe ta? (Ɗalibi daga Sakkwato)

Ƙanena, ko ɓarin rabin kada ka ba ta! Hantar kyanwa ba ta iya narkar da farasitamol kamar ta mutum. Ƙwaya ɗaya ta isa ta hallaka ta: dasashi ya rine ya yi duhu, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Wannan ɗabi'a ta isheni. Dabba ta yi atishawa, sai a tura yaro kemis ya sayo abin da maigida ke sha. Mai shagon bai karanci dabbobi ba, ciniki yake yi. Ga masu yawo da kwalabe a kasuwa, wai maganin wankin hanta, babu lambar NAFDAC, babu ranar ƙarewa, sun sha rana a kan tire. Mutum ya zuba kuɗin gwaji a kansu, sai dabba ta galabaita a kai wa likita, a ce bai iya aiki ba. In ka riga ka ba ta, ka ɗauke ta yanzu zuwa asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka tafi da kwalin maganin.

Tambaya: In na ba ta hantar saniya kullum, tata za ta gyaru?

Wa ya gaya maka haka, Malam? Yawan cin hanta ma ƙashinta yake lalatawa.