Tambaya da Amsa: Kakana Ɗan En'e Ne Ko Ma'aikacin Gwamnati?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Bayan rasuwar kakarmu an buɗe wata tsohuwar adaka a ɗakinta, sai muka tarar da takardun marigayi kakanmu: rasiɗan haraji, da wani ɗan littafi mai sunayen rugage da adadin shanu, da takardar ɗaukarsa aiki ta shekarar 1948. Baffana ya ce ma'aikacin gwamnati ne na zamanin Turawa. Gwaggona ta ce a'a, ɗan En'e ne, a ƙarƙashin hakimi ya yi aiki har ya bari. Gardama ta yi zafi har muryoyi suka fara tashi. Don Allah ba duk ɗaya ba ne? Daga 'yarka a Malumfashi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan kakanninki, ya sa sun huta. Gwaggonki ce ta fi kusa da gaskiya, kuma littafin shanun nan shi ne shaidarta. Mutumin da ke bin rugage yana rubuta shanu malamin jangali ne, wato harajin shanu, aikin jangali kuwa na En'e ne, wato hukumar gargajiya. Na san haka domin mahaifina ma wannan aikin ya yi, a kansa na girma.

A Arewa a zamanin Turawa tsani biyu aka kafa, kowane da masu hawansa. Na farko shi ake kira gwamnati. A samansa akwai Gwamna, wanda ya fara zama a Lakwaja da Jebba, ya koma Zungeru, daga baya a 1917 aka mayar da hedikwata Kaduna. Ƙasa da shi akwai Razdan, mai riƙe da lardi guda. Ƙasa da Razdan sai Di'o, mai kula da wani yanki na lardin, wanda tsofaffi da yawa ke kira Joji, shi da mataimakinsa. Lardunan sun yi ta canzawa, amma gab da samun 'yanci goma sha biyu ne: Sakkwato, Katsina, Kano, Zariya, Borno, Bauchi, Adamawa, Filato, Binuwai, Neja, Ilori da Kabba. Duk wanda ke kan matakalar sama ta wannan tsani daga Ingila aka aiko shi. Yawancinsu samari ne da suka fito daga jami'o'in Oxford da Cambridge, aka tantance su ta hanyar ganawa a ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan, aka sa su a jirgin ruwa. Tilas ne yaro ya ci jarrabawar Hausa ko wani harshen ƙasar kafin a tabbatar masa da aiki, shi ya sa za ki ji tsofaffi suna cewa Di'o wane yana jin Hausa kamar jakin Kano. Mutanenmu kuma sukan raɗa musu suna gwargwadon hali ko kama. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, shi ne Ɗan Hausa. Sharwood-Smith, wanda ya yi Gwamnan Arewa har zuwa 1957, shi ne Mai Wandon Ƙarfe.

Tsani na biyu shi ne En'e, wato hukumar gargajiya. Sarki ne a kai, da 'yan majalisarsa, sai hakimai, da dagatai, da masu unguwa. A ƙarƙashinta akwai alƙalai da muftai, da dogarai da 'yan doka, da gidan yari, da ma'aji, da malaman tsafta, da malaman daji, da malaman makarantun elemantare, da irin su kakanki. Sarki ne ke ɗaukarsu, daga baitulmali ake biyansu, kuma da Hausa suke aikinsu. Talaka zai iya shekara bai ga farar fata ba, amma ba zai yi mako bai ga ɗan En'e ba.

Baitulmalin nan shi ne ƙashin bayan tsarin gaba ɗaya. Kafin Turawa, abin da aka tara yakan bi hannaye da yawa, kowa ya ɗebi rabonsa kafin ya kai fada. Wajen 1910 wani Razdan mai suna Palmer ya fara a Katsina, wato ƙasarku, da tsarin zuba haraji a asusu guda, a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran masarautu. A farkon lamari manyan masarautu kan riƙe rabin abin da aka tara, rabi ya tafi wa gwamnati. A daidai wannan zamani ne kuma aka tilasta wa hakimai barin birni su koma su zauna a gundumominsu, domin a da hakimi na iya zama a fada jakadunsa na karɓo masa. Kuɗi na tasowa daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa ma'aji. Wanda ke riƙe da alƙalami a tsakanin waɗannan hannaye, shi ne kakanki.

Ina tuna lokacin da za a ce Di'o na tafe rangadi. Kwana uku kafin isowarsa a share bariki, a tara itace da ruwa, a nemo kaji da ƙwai, a tanadi mutanen da za su ɗauki kaya zuwa gari na gaba. Mahaifina ba ya barci a waɗannan darare. Yana zaune a kan tabarma gaban aci-balbal, yana haɗa fam da sule da kwabo, yana sake haɗawa, domin ya san gobe Baturen zai buɗe littafin, ya zaɓi ruga guda, ya hau doki ya je ya ƙirga shanun da kansa. In lissafi ya zo daidai, shi ke nan. In an sami giɓin sule biyu, malami ne zai fara amsa tambaya, ba hakimi ba. Su kuma Fulani, da zarar sun ji ƙishin-ƙishin lokacin jangali ya yi, sai a kaɗa rabin garke cikin daji. Ban taɓa ganin laifinsu ba, domin wanda ya yi kiwo ya san zafin biyan kuɗi a kan saniyar da ko nono ba ta fara bayarwa ba.

To amma kada ki ɗauka don sarki ne ke sa hannu a takarda, shi ne mai wuƙa da nama. Tun daga cin Kano a watan Fabrairu na 1903 da cin Sakkwato a watan Maris na wannan shekara, Gwamna Lugga ya faɗa ƙarara cewa ikon naɗawa da tuɓewa da sanya haraji ya koma hannunsu. Sarki na karɓar sandar girma daga hannun Bature, yana rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila. A takarda, Razdan shawara yake bayarwa. A zahiri, sarkin da ya ƙi shawarar ya san inda ake kai irinsa. Sarkin Kano Alu a Lakwaja ya ƙare rayuwarsa. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma can aka kai shi bayan an tuɓe shi. A Katsina kuwa an sauke sarakuna biyu a jere kafin a ɗora Muhammadu Dikko a 1906.

Abin da ya fi damuna a wannan tsari, kuma ina faɗarsa ne a matsayin ɗan ɗan En'e, shi ne ya cire wa mai mulki tsoron na ƙasa da shi. A da sarkin da ya wuce gona da iri yana shakkar malamai, da manyan bayi, da masu zaɓen sarki, da talakawan da ke iya tattara komatsansu su bar masa ƙasa. Da bindigar Bature ta tsaya a bayansa, mutum ɗaya ya rage da zai ji wa tsoro, wato Razdan. In haraji ya cika kuma ƙasa ta yi shiru, ba a cika tambayar yadda aka yi ya cika ba. An shanya mutane a rana saboda kuɗin haraji, an sayar da akuyar marayu, an yi aikin tilas a hanyoyi. A ƙasashen da ba su san sarauta irin tamu ba, kamar ƙasar Tibi, an ɗora musu tsarin da ba nasu ba, abin ya daɗe yana haifar da fitina. Wannan ne ya sa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna a watan Agusta na 1950 ya nemi a yi wa En'e garambawul, a cikin watan da su Malam Aminu Kano da abokansa suka ga haihuwar jam'iyyar NEPU. Gyaran ya zo sannu a hankali, aka wajabta wa sarki yin aiki tare da majalisarsa. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, sannan a 1976 aka maye gurbinta da ƙananan hukumomi.

Duk da haka, 'yata, kada kowa ya sa ki jin kunyar adakar nan. Da kuɗin da irin su kakanki suka rubuta aka haƙa rijiyoyi, aka gina ɗakunan shan magani da makarantun da suka yaye mutanen da suka karɓi mulki. Da yawa daga cikinsu sun mutu ba su bar komai ba sai keke da suna mai kyau. Ki dubi hatimin da ke jikin takardar 1948 ɗin. In akwai sunan hukumar En'e ta Katsina, magana ta ƙare, baffanki ya ba gwaggonki gaskiyarta. Ki raba takardun da danshi da gara, kada ki liƙe su da roba mai zafi, ki ɗauki hotonsu da waya. In kina son ƙarin bayani a kan gundumar da ya yi aiki, ki je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin rangadi da na kimanta haraji suke ajiye, ki kuma leƙa Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, tunda kin shiga garin.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, me ya sa a tsofaffin hotunan ofisoshin gwamnati na Kaduna da Kano akawuna kusan duk 'yan Kudu ne? Mutanenmu ne suka ƙi aikin? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ɗana, ofishin gwamnati da Turanci yake aiki, kuma a lokacin da Turawa suka iso Arewa, makarantun mishan sun riga sun shekara hamsin suna yaye ɗalibai a Ikko da Abeokuta da Kalaba. Saboda haka akawu da mai buga tafireta da ma'aikacin gidan waya da na jirgin ƙasa daga can aka ɗebo su, har da mutanen Saliyo da na ƙasar da yau ake kira Gana. Su ne suka cika unguwannin Sabon Gari. A nan kuwa an taƙaita wa mishan shiga masarautun Musulmi, gwamnati kuma ba ta buɗe makarantun da za su wadatar ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, malaman makaranta aka kafa ta ta horar, kuma kaɗan take ɗauka. Wanda ya fito, En'ensa ce ke jiransa. Gaskiya ne iyaye da yawa sun ƙi boko, har ana ɓoye yara a rumbu in an zo ɗiba, amma wanda ke riƙe da mulki shi ya tsara ƙofar ta zama ƙunci. Sai a shekarun 1950, da aka raba aikin gwamnati jiha-jiha, gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar fifita ɗan Arewa wajen ɗaukar aiki, aka riƙa zaƙulo hazikan malaman En'e ana kai su makarantar koyon mulki ta Kongo, nan garinku, ana horar da su su zama mataimakan Di'o. A 1963 Malam Ali Aƙilu ya gaji Bature a kujerar sakataren Firimiya Sardauna. In ka bi ta Kongo gobe, ka tsaya ka dubi tsofaffin gine-ginen da ke ciki, a nan aka yi wannan horon.