Shin da Gaske Akwai Zombi, Ko Kuwa Ƙirƙirar Masu Fim Ce?

Tambaya: Ƙannena sun shaƙu da kallon fina-finan gawawwakin da ke tashi suna cizon mutane, har ƙaramin cikinsu ya daina yarda ya kwana shi kaɗai. Don Allah, abin nan yana da tushe?

Amsa: Yana da tushe, sai dai zombin da ƙannenka ke gani a fim ya yi nisa ƙwarai da na asali. Labarin ya samo asali ne daga Haiti, ƙasar da Faransawa suka tara bayi daga Afirka suna yi musu noman rake, kafin bayin su yi tawaye su kafa ƙasarsu a 1804. Masana da dama na ganin kalmar ta fito ne daga "nzambi" ta harshen Kikongo, wadda ke da alaƙa da ruhi ko abin bauta.

A camfin mutanen Haiti, boka ne ke kama wani sashe na ruhin mutum ya tsare, kusan yadda ake cewa maye ya kama kurwar wani, sannan ya tono gawar cikin dare ya kai ta gona. Wannan zombin ba ya cizon kowa. Yana tafiya kai sunkuye, idanu a kafe, ba ya gane danginsa, kuma ba a sa masa gishiri a abinci, domin an yi imani ɗanɗanon gishiri zai dawo da shi hayyacinsa. Abin da mutane ke tsoro shi ne a mayar da su zombi, kuma ni a ganina nan ne zuciyar labarin: bawan da ya sa rai mutuwa za ta mayar da ruhinsa gida Afirka ba shi da fargabar da ta wuce a ce bauta ta bi shi har cikin kabari.

An yi ƙoƙarin binciken lamarin. Wani mutum mai suna Clairvius Narcisse, wanda asibiti ta tabbatar da rasuwarsa a 1962, ya bayyana a ƙauyensu a 1980 yana cewa an tono shi an sa shi aikin gona. Mai bincike Wade Davis ya yi zargin cewa bokaye na amfani da gubar wani kifin teku da ke sandarar da jiki har a zaci mutum ya mutu, amma masana da yawa ba su gamsu ba, saboda gubar da aka samu a garin maganin da bokayen ke haɗawa ba ta taka kara ta karya ba. A 1997 kuma, mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken mutum uku da ake kira zombi, inda aka gano suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, gwajin jini kuma ya nuna biyu daga cikinsu ba su da dangantaka da iyalan da suka ɗauka mamatansu ne suka dawo.

Amurkawa sun kwaso labarin ne lokacin da sojojinsu suka mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934. Gawa mai cin naman mutane kuwa ta shahara ne daga fim ɗin da Ba'amurke George Romero ya shirya a 1968, wanda babu boka a cikinsa, daga baya marubuta suka sa ƙwayar cuta a madadin bokan.

Ka kwantar wa ƙanenka hankali, domin babu ƙwayar cutar da ke tayar da gawa. Cutar da ta fi kusa da siffar fim ɗin ita ce ciwon haukan kare, wanda ke yaɗuwa ta hanyar cizo ya taɓa ƙwaƙwalwa. Shi kuwa ana kauce masa idan aka wanke raunin da sabulu da ruwa nan take, aka garzaya asibiti domin allurar rigakafi kafin alamu su bayyana.