Amfilifayar Falo: Ka Juya Ta Ka Duba Bayanta

Tambaya: Malam, ina zaune a Kubwa. Na sayi sifikoki biyu na hannu masu om 8, ina kuma da faya-fayen garmaho da mahaifina ya bari. Ina son amfilifaya guda wadda zan riƙa ƙara mata ƙarfi da kayan zamani sannu a hankali, ba sai na sayar na sake saye ba. Me zan duba?

Amsa: Malam, in ka shiga shago, kada fitilun gaba su ɗauke maka hankali. Ka ce wa mai shagon ya juyo maka bayanta, domin a can za ka gane ko za ta karɓi ƙari.

Irin wadda kake nema injina biyu ne a akwati ɗaya: ɗaya yana zaɓar inda sauti zai fito yana daidaita ƙararsa, ɗayan yana tura wuta zuwa sifika. Ka nemi kafar da aka rubuta wa Pre Out. Da ita, ran da ka samu kuɗi, sai ka sayi injin ƙarfi daban ka jona, tsohuwar ta ci gaba da aikin zaɓe da daidaitawa. Cambridge Audio CXA81 tana da wannan kafa, tana ba da wat 80 kowane ɓangare a om 8, sai dai ba ta da mashigar garmaho, dole ka saya mata ƙaramin akwati daban. Yamaha A-S501 kuwa tana da mashigar garmaho da wat 85, amma ba ta da Pre Out, kafar sifikar bas (subwoofer) kawai gare ta. Kowace ta ba ka abu ta hana ka wani.

Wasu kamfanonin sun bi wata hanya. NAD, wanda ya yi suna tun 1978 da samfurin 3020 mai wat 20 kacal, ya bar gurabe biyu a bayan amfilifayarsa C 368 inda ake zura kati, misali na sauraron kiɗa ta intanet. Naim na Ingila shi kuma wuta yake sayar maka daban: amfilifayarsa Supernait tana karɓar akwatin wuta mai suna HiCap. Dabara ce mai kyau, amma ni ban cika ɗokinta ba. Katin na kamfani ɗaya ne, kuma sababbin katunan NAD na MDC2 ba sa shiga tsofaffin gurabe. Ga shi kuma sai an yo maka odarsa daga waje da dala. Abin da ke saurin tsufa a kayan sauti shi ne ɓangaren kwamfuta, wato Bluetooth da na'urar da ke mayar da lambobi sauti. Taransifoma da taransista masu kyau sai su shekara ashirin suna aiki. Saboda haka ka zuba kuɗinka a ƙarfi, ka bar kayan intanet a ƙaramin akwati na waje, wanda ko an daina yayinsa ba za ka yi kukan asara ba.

Batun wat, kada lambar kwali ta ruɗe ka. Wanda ya rubuta wat 5000 a jikin abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, tatsuniya yake maka. Ka duba abin da take bayarwa a om 8, da kuma a om 4. In ya ƙaru sosai, kamar yadda CXA81 take kai wat 120, to ko ka canza sifika nan gaba za ta ja. Ka duba bayan sifikokinka ma ka ga desibel, wato ma'aunin ƙarar da suke bayarwa: mai desibel 88 rabin wutar mai 85 take buƙata ta yi ƙara iri ɗaya. Falon gidan haya a Kubwa, wat 60 zuwa 80 sun ishe shi har maƙwabta su yi sallama.

Sai abin da ya fi kawo mini kaya teburin gyara: wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120. In za ka sayi ta hannu, a kasuwar Banex ta Abuja ne ko ta hannun ɗan'uwa daga kasuwar Alaba ta Legas, ka karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta kafin ka biya, don ta Amurka tana iya ƙonewa da jonawar farko. Ka ware kuɗin sitabilaiza tun yanzu, kuma ka cire fulogi in hadari ya taso da tsawa. In da inbata kake kwana, ka duba tsarin injin ƙarfinta, D ne ko AB: mai tsarin D irin C 368 ba ta shan wuta sosai, ba ta kuma ɗaukar zafi. Masu tsarin AB kuwa suna son iska, musamman a zafin Maris, don haka kada ka cusa ta a kabad ko ka ɗora mata dikoda a ka.

Da ni ne kai, tunda faya-fayen Baba na nan, zan nemi mai Pre Out da mashigar garmaho a tare, in kuma je da sifikokina shagon a jona in ji da kunnena kafin a yi ciniki.