Agogon ya ce tansiyo lafiya, tsoho ya kwanta: za a iya kama mai butik?

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Na karanta saƙonka, ka ce ka sayo mashi agogon nan mai auna bugun zuciya a kasuwar Maradi jaka 25, kullum yana nuna tansiyo daidai har ya aje maganinshi, yanzu ɓarin jiki ya shanye, kana so a kama mai butik ya biya kuɗin asibiti.

To gaskiya a yadda ka kawo maganar, ban ga ta komisariya ba. Ciniki ne, rigimar ciniki kuma ta tirbinal ce, sai fa in akwai shaidar zamba da gangan, shi ma sai na gani da idona.

Abin da doka ta ba ka bai kai yadda kake zato ba. Code civil, wato kundin dokar mu'amala tsakanin mutane, daga aya ta 1641, ya yi magana kan ɓoyayyen aibi: in kaya na da lahani tun ran saye za ka iya maida shi a ba ka kuɗinka, ko a rage maka, amma ba a jinkiri. Kuɗin asibiti kuwa wata magana ce daban, sai ka tabbatar agogon ne sanadi, kuma ka san abin da za su fara tambaya, wa ya ce Baba ya bar magani? Likita ne? Irin agogon nan koren haske yake haskawa a fata yana ƙirga bugu, tansiyo na gaskiya da na'urar damtse mai hura iska ake aunawa, kuma da yawansu an rubuta a takardar kwali cewa ba kayan likita ba ne. Duba taku.

Inda kake da ɗan ƙarfi, watakila, shi ne muryar da ka ce mai butik ya turo ta WhatsApp yana rantsuwa wai ya fi na asibiti. Mai sayar da caja da kwandon salula, ina ruwanshi da zuciyar mutane! Kar ka goge ta, ka adana kwalin da faktir in ya ba ka, takardun likita ma haka.

Ni dai shawarata ku fara zama gaban shugaban 'yan kasuwarsu ko mai unguwa, ya maida kuɗin agogo ya ɗora wani abu kan magani, a rubuta a sa hannu da shaidu biyu. In ya ƙi, to kawo takardun mu duba, amma shari'a na iya cin abin da ya fi jaka 25 ɗin nesa ba kusa ba.